Kunne-ɗaya da Wayar da Ta Hau Bene

Abin da ya raba ofishin manaja da ɗakin sakatariya falanki ne aka shafa wa fenti, kuma a masana'antar kafintoci kowa ya san falanki ba ya riƙe magana. Ba sai sakatariya ta kasa kunne ba. Tana zaune tana gyara zaren firinta, na'urar buga takardu, muryar manaja ta ratso ta same ta.

"Na gaya miki tafiya za ta yi."

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji ƙanwarsa, mai kula da sito. "Matar da Baba ya ɗauka aiki tun kana zuwa makaranta da gajeren wando?"

"To wa ke haɗa min waya? Wa ke zaune a bakin ƙofata? Aljanu?"

"Ka kama ta?"

"Sai na kama ta? Maganar sayar da tsofaffin injuna, ni da dillali muka yi ta a waya, gari na wayewa ma'aikata suka tare ni a tsakar gida. Teburan makarantar nan, kafin mu kai samfur wani ya riga mu da irin zanenmu sak. Duk na shanye. Amma maganar idona fa? Likita kaɗai na gaya wa. Jiya a kasuwar katako wani ya riƙe min hannu yana min addu'ar Allah ya sa a yi aiki a sa'a."

"Wane aiki? Me ya samu idonka?"

"Kin gani ko? Ke da muke ciki ɗaya ba ki sani ba, kasuwa ta sani."

Can ƙanwar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, kafin ya zubar da mutuncin baiwar Allah ya kira mai duba waya tukuna. Ya ce zai kira, amma in ba a samu komai ba kada ta ƙara ce masa uffan.

Sakatariya ta dubi hannunta, tawada ta ɓata mata yatsu. Korar ba ita ta fi ci mata rai ba. A layin kafintoci in aka ce an sallami mace don tana kai magana, sunan zai bi ta har ɗakin aurar da 'yarta. Abin da ya fi tayar mata da hankali kuwa, ta san wanda ke saurare. An daɗe, in tana waya, takan ji wani ɗan ƙas, murya ta ɗan dusashe kamar an buɗe taga a wani ɗaki. Rannan sai ta ji tari. Busasshen tari ne na wanda ya tsufa yana shaƙar garin katako, kuma mutum ɗaya ta sani da shi: tsohon kafinta, mahaifin manaja, wanda ya kafa masana'antar da zarto guda, wanda ya ba ta kujerar nan lokacin da mahaifinta ya rasu ba ta san inda za ta dosa ba. Tun da ƙafafunsa suka gaza 'ya'yansa suka ce ya huta. Suka mayar da shi ɗakin bene, suka cire masa waya don kada a dame shi, suka daina gaya masa komai, duk da sunan tausayi. Yadda aka yi yake shiga layi ba ta sani ba. Ba ta tambaya ba, ba ta gaya wa kowa ba.

Mai duba waya ya iso da hantsi a kan wani tsohon babur, da jakar fata da tsani mai naɗewa. Gajere ne, furfura ta cinye masa gemu, in ana masa magana sai ya karkato da kai ya miƙo kunnen dama kamar mai karɓar saƙo. Kunne-ɗaya ake ce masa, shi ma haka yake gabatar da kansa. Ya gaya wa ma'aikata fanka ya zo gyarawa. Da manaja ya buɗe baki zai masa bayani a ofis, sai ya ɗora yatsa a leɓe, ya yafito manajan da ƙanwarsa da sakatariya zuwa tsakar gida, har gindin babban injin zarto da ke kuka yana feshin gari.

"Nan ne ofishina!" ya ɗaga murya. "Ba a maganar aikina a ɗakin da ake zargi. In akwai mai saurare a nan, Allah ya ba shi haƙuri."

Ƙanwar manaja ta ƙyalƙyale da dariya. "Mai kunne ɗaya kuma ya zaɓi gindin inji?"

"Ai Hajiya ni na fi ku sauƙi, rabin ƙarar nake ji." Ya juya ga manaja. "Ranka ya daɗe, in ban samu komai ba, me za ka yi?"

"Wannan ba aikinka ba ne, Malam."

"Haka ne. Ina dai tambaya ne, don da yawa kafin su kira ni sun gama yanke hukunci, shaida kawai suke nema." Ya nuna sakatariya da haɓa. "Ita za ta riƙe min tsani."

Manaja ya ɗaure fuska. "Me ya sa ita?"

"Tun da na shigo ita kaɗai ce ba wanda ya kalla."

Da suka koma ciki sai ta ga wata al'adarsa. Hannunsa na aiki, bakinsa na zuba, amma ko kalma ɗaya ba ta shafi waya ba. Daga baya ya gaya mata dalili: in akwai kunne a ɗaki, shiru ne ke tsorata shi, amma surutun tsoho ba ya tayar wa kowa hankali. Kuma tun da ba ya son ƙirƙirar ƙarya, sai ya riƙa ba da labarin kansa. Ofisoshi da yawa sun ji tarihin Kunne-ɗaya daga saman tsani ba su san mayafi ba ne.

Ya fara da akwatin intanet da ke bayan kabad. Kowace igiya ya kama ta da yatsa biyu, ya bi ta taku-taku har inda ta ƙare, ya liƙa mata ɗan tef, sannan ya koma ga ta gaba. Yana yi yana cewa shi a gidan haya ya tashi, irin mai ɗakuna a jere da makewayi ɗaya. Mahaifinsa direba ne, mahaifiyarsa mai ɗinki, suna son juna amma bakinsu bai san da haka ba. Duk abin da suka faɗa wa juna a ɗaki, da safe yaran gidan za su jeru a bakin famfo suna maimaita masa, wannan ya yi muryar uban, wancan ya yi ta uwar.

"Har da tsakin, ƙanwata. Akwai wani ɗan banza da ya fi uwata iya tsakin uwata."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Igiya ɗaya ta ƙi nuna mai ita, ta shige bayan allon bango. Ya kwanta rub da ciki da tocila a baki ya bi ta, sai ga ta ta mutu a wani soket da aka daina amfani da shi tun tsohuwar firinta. Ya zare ta ya naɗe, ya ci gaba da labari.

Ya ce tun a bakin famfon nan ya ƙudura a ransa cewa kowane ɗan Adam ya cancanci ɗaki ɗaya da maganarsa za ta kwana a ciki. Da ya girma ya shiga kamfanin tarho, yana hawa turaku. Wata damina yana saman turke da abin saurare a kunnen hagu, aradu ta faɗa kan layi can nesa, ta biyo waya ta same shi. Ya sauko da ƙafarsa, kunnen ne bai sauko ba. Aka mayar da shi ɗakin haɗa layuka, inda ya ga yadda sauƙin shiga maganar mutane yake: ƙarfe biyu, ka maƙala, shi ke nan. Ya ga waɗanda ke yi don nishaɗi in aiki ya yi sanyi. Shi da wata busa yake gwada layi, wata 'yar na'ura mai kuka fiii, don kada ya ji muryar kowa. Abokan aiki suka riƙa masa tsiya, wai liman ya ɓata hanya ya shigo kamfanin tarho. Da wayar hannu ta kashe kasuwar kamfanin aka sallame su, sai 'yarsa da ta karanci kwamfuta ta zaunar da shi ta koya masa igiyoyin zamani, tana masa faɗa kamar ɗalibi.

"Matata kuwa cewa take ni kaɗai ne namijin da ake biya don ya ƙi jin magana, sauran kyauta suke yi."

Ya kwance ƙasan wayoyin tebur biyu, ya jera su ya kwatanta hanjinsu. Ya buɗe soket-soket. Ya zagaya da wata na'ura mai eriya, ta yi ihu a durowar manaja, manaja ya taso da ido jajur, sai ga tsohon makullin mota mai batir. Sakatariya na kallonsa tana tunani. Ba ta yarda duk tsarkin zuciya ba ne. Ta ga yadda fuskarsa ke haske in ya rufe soket, ta gane mutumin nan yana jin daɗin zama wanda zai iya sani amma ya ƙi. Wata irin isa ce, irin ta yaron da aka yi wa dariya a bakin famfo. Sai dai ta ga isar ba ta cutar da kowa.

Daga nan ya je inda layin tarho ya shigo gini. Har yanzu masana'antar da wayar tebur take aiki, don rufin kwano da ƙarafan injuna ba sa barin ta hannu ta kama a ofis. Ya cire layin waje, ya maƙala wata na'ura da ke tura sauti cikin waya ta jira ya dawo. Ya daɗe yana duban fuskar na'urar. Labarin ya tsaya cak. Ya sa busarsa a layin, ya ɗauki wani siririn sanda mai lasifika yana shafa bango. Fiii. Sandan ya bi ta ɗakinta, ya bi ta ofishin manaja, inda ya kamata ya yi shiru. Bai yi ba. Ya hau tsani ya ɗaga allon silin, kukan ya ci gaba, ya nufi wajen matakala.

Sakatariya ta yi saurin kawar da ido daga matakalar. Ya leƙo ya dube ta, ya sauko, ya ce zo ki nuna min famfo in wanke hannu. Bai tsaya ba sai gindin injin zarto.

"Kin san inda wayar nan ta nufa."

Ba tambaya ba ce. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka ce ba ka samu komai ba."

Ya miƙo kunnen dama. "Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

"Na ji. So nake ke ma ki ji. In na ce haka ke za a kora."

"Na sani. Mutumin nan uba ne a wurina. Ba zan tsaya a tozarta shi gaban 'ya'yansa ba."

Ya goge garin katako daga gemunsa. "Ranar da kika tafi wayar tana nan. Magana za ta ci gaba da fita. Sai a kori wa? Mai shara? Shi kuma tsohon, a waya zai ji an kore ki, kuma zai san don wa. Wannan kike so ki bar masa ya kwana da shi?"

Bai tsaya nan ba.

"Kuma ki yafe min, ƙanwata, ni tsoho ne bakina ya lalace. Kashi ɗaya don shi kike yi. Ɗaya kashin, so kike ki fita da kanki a sama, watarana su gane, kunya ta kashe su."

Kamar ya watsa mata ruwan zafi. Ta buɗe baki za ta ce masa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, sai ta fasa. Gaskiya ne. Tun da safe take kitsa yadda za ta kwashe kayanta a kwali ba tare da hawaye ba, har ta hango fuskar manaja ranar da zai zo ƙofar gidanta neman gafara, har ta zaɓi kalmomin da za ta mayar masa. Ta ji daɗin hoton fiye da yadda take so ta yarda.

"To ya za ka yi?" ta ce daƙyar.

"Ni ba na kiran sunan kowa. Waya nake bi."

Ya koma ya miƙa wa manaja sandan. "Ranka ya daɗe, riƙe. Inda ya yi kuka ka bi, inda ya yi shiru ka dawo baya."

"Ni zan yi maka aikin?"

"Gidanku ne. Akwai ƙofar da bai kamata baƙo ya fara isa ba."

Manaja ya karɓa yana gunaguni. Fiii, ta gefen matakala. A can ƙasan bango wata siririyar waya ce da fenti ya hau kanta sau da yawa har ta zama kamar jijiyar ginin, tun zamanin da iyalin ke zaune a bene. Da aka cire wa tsoho waya, kan aka ɗauke, jijiyar aka bari. A tsakiyar matakala manaja ya rage sauri. Sakatariya na bayansa tana kallon wuyansa, sai ta fahimci shi ma ba yau zuciyarsa ta fara raya masa ba. Wanda ya riƙe masa hannu a kasuwa ai ɗan aminin Baba ne, shi kuwa aminin tsohon mai sayar da katako ne, wanda kullum da la'asar yake hawa benen nan, mutumin kirki amma cikinsa ba ya riƙe ko ruwa. Duk abin da Baba ya ji a waya, a kunnen aminin nan yake saukewa. Korar sakatariya ta fi wa manaja sauƙi a kan hawa matakalar nan.

Ƙofar a buɗe take. Tsoho na zaune a bakin gado, gefensa wani ɗan akwatin katako mai kyan haɗi, ba ƙusa ko ɗaya. Sandan ya kai ga akwatin ya tsala ihu. Manaja ya ɗaga murfin. Tsohuwar baƙar wayar masana'anta ce, wadda aka jefar cikin tarkace, an ɗaure bakin maganarta da tsumma, amma tsumman bai hana tari wucewa ba.

"Baba," in ji manaja. "Kai ne?"

Tsoho bai dubi akwatin ba. Ya kama hannun rigar ɗansa ya jawo shi kusa, yana leƙen fuskarsa.

"Wanne ne, na dama ko na hagu? Yaushe za su yi aikin?"

Kunne-ɗaya ya jawo ƙofar a hankali ya rufe. Ƙanwar manaja ta tura ta shiga. Sakatariya ta tsaya a bakin ƙofa, sai Kunne-ɗaya ya taɓa mata gefen mayafi.

"Sauka. Wannan ba tamu ba ce."

Suka zauna a ƙasa. Ya fito da kayansa yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba labari. Ta haɗa masa shayi, ya sha, ya ce sukarin ya yi kaɗan amma ba komai, da ma 'yarsa ta hana shi.

An jima manaja ya sauko, idanu sun kumbura. Ya tsaya gaban teburinta yana juya sandan a hannu kamar bai san inda zai ajiye ba.

"Anti," ya ce. Ya sake cewa, "Anti." Ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, ma'aikata biyu na kallo ta taga bai damu ba. Kalmomin da ta tanada duk suka watse.

"Ya wuce," ta ce. "Allah ya ba ka lafiyar idon."

Ya juya ga mai duba waya. "A yanke?"

"A yanke. Layin da ake shiga a ɓoye ba a barinsa, ko na waye, don masu kiranku ba su yarda da kunne na uku ba. Amma ina da ragowar igiya a jaka. Zan iya ja muku wani daban, daga teburinka zuwa gadonsa. In ya ɗaga ta yi ƙara a nan, in ka ɗaga ta yi ƙara a can. Ita ba ta da amfani sai an ɗauka."

"Ja," in ji manaja.

Ya yanke tsohuwar da filaya, ya naɗe bakinta da tef. Sabuwar fara ce, ya bi da ita a fili ta gefen matakala inda kowa zai gani. Kafin ya gama ɗaure sukurun ƙarshe wayar teburin manaja ta ɗauki ƙara. Manaja ya ɗauka, ya saurara, ya lumshe ido.

"A'a Baba, ba a sayar ba tukuna. To. To, na ji. Ina zuwa."

Sakatariya ta ɗauko masa tsanin har bakin ƙofar masana'anta, duk da ya ce ta bari. Yana ɗaure jaka a bayan babur tana tsaye tana neman abin faɗa. Godiya take so ta yi, amma wadda ta sani duk ta yi mata ƙanƙanta. Ya tsare mata suna, ya tsare wa tsoho fuska, ya kuma hana ta yin abin da za ta yi ta alfahari da shi tana cutuwa har ƙarshen ranta.

"Malam, ka wanke ni," ta ce. "Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a."

Ya miƙo kunnen dama, ta maimaita, ya ce amin. Ya hau babur, ya taka sau biyu bai tashi ba, sai ya dubo ta.

"Ni ban wanke ki ba, da ma ba ki da datti. Amma gobe in kin zo, kada ki shigo sumui-sumui kamar wadda aka yi wa alfarma. Ki shigo takalminki na ƙara."